Ramin tsakiya da ya ɓace: yadda ƙarfen gefen diski ya kusa cinye mana ajiyar shekaru

Kwamfutar da wannan lamari ya faru a kanta aikinta ɗaya ne: riƙe fayilolin wata 'yar ƙungiya da nake kula wa da na'urori. Doguwar akwati ce mai gurbin diski takwas a gaba, shida a cike, biyu babu kowa. Kowane diski ana ɗaura masa siraran ƙarafa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda masu gyara ke kira rel. Da su ake zura shi cikin gurbi kamar aljihun tebur, har bakinsa ya shige soket ɗin da ke kan allon baya, wato allon lantarkin da ke tsaye a bayan gurabun, wani ɗan harshen ƙarfe ya ce ƙas, ya kulle. Babu wayar da hannu zai jona, babu sukurun da za a ɗaure a jikin akwati. Diskokin shida an haɗe su a tsarin RAID 6, wanda ke jure mutuwar diski biyu a lokaci guda. Na uku ya faɗi, komai ya tafi.

Wuri ya cika, aka yanke shawarar cire tsofaffin diskoki masu terabait 2 a sa masu terabait 12. Ka'idar aikin sananniya ce: a cire ɗaya, a sa sabo, a jira tsarin ya gama sake gina bayanai a kansa, sannan a taɓa na gaba. Na farko da na kwance rel daga tsohon diski na kawo kan sabo, sai na tarar ramin sukuru ɗaya kawai ke haɗuwa a kowane gefe. Inda na biyun ya kamata ya shiga, jikin diskin sumul yake, ba rami, ba alamar an taɓa yin rami.

A nan na yi kuskuren da ya haifi sauran. Na ɗaure sukuru ɗaya a kowane gefe da kyau, na girgiza diskin a hannu, bai motsa ba. Na zura shi, ya ce ƙas, fitila ta kama, tsarin ya gan shi. Na ɗauka magana ta ƙare. Haka na yi wa na biyu, na uku da na huɗu cikin kwanakin da suka biyo.

Me ya sa ramin ya ɓace

Diski mai inci 3.5 yana da ma'auni rubutacce, SFF-8301, wanda kwamitin masana'antun ajiya ya fitar. Faɗinsa milimita 101.6, tsawonsa ba ya wuce 147, kaurinsa 26.1. A al'ada kowane gefe na da ramin sukuru uku. Na farko yana milimita 28.5 daga ƙarshen da soket yake. Na ƙarshe yana milimita 101.6 daga na farko. Na tsakiya kuwa yana wajen 41.6 daga na farko, wato 60 daga na ƙarshe. Dukkansu suna milimita 6.35 daga ƙasan diskin.

Da masu ƙera diski suka fara cusa faya-fayai da yawa, wato farantan da ke juyawa a ciki ana rubuta bayanai a kansu, cikin wannan kauri da ba ya ƙaruwa, sai ramin tsakiya ya zama cikas, domin naman ƙarfen da ke riƙe zarensa yana cin wurin da gefen faifai ke buƙata. A 2013 kamfanin HGST ya fitar da diski mai terabait 6 cike da iskar hiliyom, da faifai bakwai a ciki, kuma tun daga wancan zamani yawan faya-fayai sai hawa yake. Manyan diskoki da yawa suka yar da ramin tsakiya na gefe. Ramukan ƙasa ma an matsar da biyu daga cikinsu: tazarar da aka saba, milimita 44.45, ta koma 76.2. Sabon diskin da ke hannuna bai karya wata ka'ida ba. Rel ɗinmu ne aka ƙera a lokacin da kowa ke ɗaukar ramin tsakiya a matsayin abin da ba zai taɓa gushewa ba. Gajeru ne, suna kama ramin tsakiya da na ƙarshe, mai nisa da soket, ba su ma kai tsawon ramin farko ba.

Wani abu da ya kamata a sani tun da wuri: ma'aunin ya tsara jikin diski, bai tsara rel ba. Tun kwamfutar IBM PC/AT ta 1984, wadda ta yi amfani da rel a gefen diski, kowane mai ƙera akwati nasa salon yake bi. Faɗin hanyar, siffar makulli, kaurin ƙarfe, duk sun bambanta. Rel ɗin wata akwati ba safai yake shiga wata ba, ko da kamfani ɗaya ne ya yi su.

Alamun farko

Bayan sa diski na huɗu da 'yan kwanaki, mutane suka fara kukan buɗe fayil yana jan ƙafa. Na duba rajistar tsarin, na ga layukan da ke cewa an sake tada hanyar SATA ta diski kaza, wato layin da bayanai ke bi tsakanin diski da kwamfuta, sannan an rage mata gudu daga gigabit 6 zuwa 3. Haka Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ke yi idan kurakurai suka yi yawa a hanya: ta sassauta gudu ko za a samu lafiya. Wata safiya kuma na tarar tsarin ya fitar da diski ɗaya daga cikin sababbin. Ina cikin mayar da shi, yana sake gini, na biyu ya fice. A wannan sa'a ba mu da sauran kariya ko ta diski ɗaya. Na dakatar da kowa daga rubutu, na kwashe abin da ya canja tun kwafin baya zuwa wani diski na waje, sannan na zauna neman dalili. Gabana bai daina faɗuwa ba sai da kwafin ya kammala.

Bayanan SMART na diskokin biyu, wato rahoton lafiyar da kowane diski ke ajiyewa game da kansa, sun nuna abu ɗaya. Lamba ta 5, mai ƙirga sassan da suka lalace aka sauya musu wuri, sifili. Lamba ta 197, mai ƙirga sassan da ake shakka a kansu, sifili. Lamba ta 199 ce ke hawa, wadda ke ƙirga saƙonnin da suka gurɓata a hanya tsakanin diski da kwamfuta. Ma'ana faya-fayan lafiyarsu ƙalau, ciwon yana kan hanya. Duk mai gyara da ya ga 199 tana hawa, waya yake fara zargi, ni ma haka na yi. Na canja wayoyin da ke tsakanin allon baya da babban allo. Ba ta canja zane ba. Na zargi na'urar wuta, tunda manyan diskoki sun fi jan wuta wajen tashi. Na kawo wata na gwada, lambar ta ci gaba da hawa.

Sai na koma gwajin musanya. Na kashe kwamfutar, na ɗauke diski mai ciwo daga gurbinsa na kai shi ɗaya daga cikin gurabun da babu kowa. Ciwon ya bi shi. Wannan ya wanke gurbi, ya ɗora laifi kan diski, har na fara shirin mayar da biyun ga mai sayarwa. Abin da ya hana ni shi ne gwaji na ƙarshe da na yi don in samu hujjar rubutawa: na kwance rel, na ajiye diskin a kan tebur, na jona shi da wayar SATA kai tsaye, na sa shi karatu daga farko har ƙarshe, wanda a diski mai wannan girma yana cin mafi yawan yini da dare. Ko kuskure ɗaya bai ƙaru ba. Gurbi lafiya, diski lafiya, amma in an haɗa su sai ciwo. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne ƙarafan nan biyu da na ajiye gefe ban ko kalle su ba.

Abin da tocila ta nuna

Na mayar da rel kan diskin yadda na ɗaure su da farko, na kwantar da shi a kan gilashi mai sumul, na haska tocila ta gefe. Rel ɗin ba ya tafiya daidai da ƙasan diskin. Ta wajen sukuru daidai yake, ta wajen soket kuwa diskin ya sunkuya. A jikin alminiyon, kewaye da ramin, akwai ɗan zoben gogewa mai sheƙi inda ƙarfe ya riƙa juyawa a kan ƙarfe. Na danna ƙarshen soket da babban yatsa, sai ya motsa, a hankali, kamar ƙyauren da ke kan hinji mai tsauri.

Sukuru ɗaya dama, ɗaya hagu, a kan layi guda, ai hinji ne na haɗa da hannuna. Ranar da na ɗaure su, matsi ya riƙe. Amma diski mai juyi 7,200 a minti yana rawa sau 120 a kowace daƙiƙa, dare da rana, ga zafi da sanyi suna sa alminiyo da ƙarfe miƙewa da tsukewa ba a tare ba. Matsin ya saki kaɗan-kaɗan. Lissafin kuma ba shi da tausayi: daga wancan rami zuwa bakin soket akwai milimita 130. Karkacewar digiri ɗaya tak a wurin sukuru tana zama fiye da milimita 2 a bakin soket. Rabin digiri, wanda ido ba ya gani, ya haura milimita 1. Haƙoran soket ɗin SATA kuwa, bakwai na bayanai da goma sha biyar na wuta, tazarar da ke tsakanin kowane biyu milimita 1.27 ce. Duniyar da suke aiki a cikinta ke nan.

To me ya hana diskin faɗuwa ƙasa gaba ɗaya? Soket ɗin allon baya. Yana da 'yan kunnuwan roba masu jan bakin diski zuwa wurinsa idan ya zo a ɗan karkace, shi ya sa kullum yake shiga ya ce ƙas. Bayan ya shiga, wani kaso na nauyin diskin, wanda ya haura gram 600, sai ya rataya a kan wannan 'yar roba da dalmar da ta liƙa ta a allo. An yi soket don ya taɓa, ba don ya ɗauki kaya ba. Haƙoran suna matse ta gefe ɗaya, suna sake ta ɗaya gefen, jijjiga tana kaɗa su. A gigabit 6, rabuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, ta isa ta ɓata dubban saƙonni.

Na daɗe ina ɗaukar rel a matsayin abin sauƙaƙa zurawa, wani ɗan alatu da ke hutar da mutum daga sukundireba. A akwati mai wayoyi, inda waya ke bin diski duk inda ya karkata, kusan haka ne. A akwati mai allon baya kuwa, rel ne kaɗai ke faɗa wa diski inda bakinsa zai tsaya, sama da ƙasa, dama da hagu, gaba da baya. Ma'auni ne da ya yi kama da mariƙi.

Hanyoyin da muka auna

Huda sabon rami a tsohon rel ba zai yiwu ba, tunda bai kai wurin ba. Wani abokin aiki ya kawo shawarar a huda jikin diskin a yi masa ramin tsakiya. Wannan ko kusa: a bayan wannan bango faya-fayai ne da iskar da aka rufe, garin neman gira a rasa ido. Cusa soso ko roba a ƙarƙashin diskin don ya tallafe shi zai yi aiki na ɗan lokaci, amma soso yana laushi da zafi, yana kuma toshe ratar da iska ke bi tsakanin diski da diski. Masu ƙera akwatin sun daina yin ta, ba su fitar da dogon rel ba. Sayen sabuwar akwati shi ne mafi tsabta, kuma da ƙungiyar na da hali a lokacin, shi zan ba da shawara ba tare da jinkiri ba. Ba ta da shi. Muka tsaya kan ƙera sababbin rel.

Wurin maƙeri

Na je wurin wani dattijo mai aikin fallen ƙarfe, da tsohon rel guda biyu, da mataccen diski mai terabait 2, da zanen da na yi. Muka zaɓi fallen ƙarfe mai rufin zinki, irin wanda ake yin akwatunan kwamfuta da shi, kauri ɗaya da na tsohon rel bisa awon baniya, ma'aunin kauri mai baki biyu. Kauri ba abin wasa ba ne a nan. Ya yi yawa, ba zai shiga hanyar ba. Ya yi kaɗan, zai yi lilo a ciki, sannan sukuru zai nitse cikin diski fiye da kima. Littattafan masu ƙera diski suna sa iyaka ga nitsewar sukuru, domin in ya wuce zai iya taɓa abin da bai kamata ba.

Biyun farko da muka yi sun fito da kyau a ido, sun kuma gaza. Diski ya shiga, makulli ya kama, amma tsarin wani lokaci ya gan shi, wani lokaci bai gani ba. Laifin zanena ne. Na auna wurin makulli daga goshin diskin, ƙarshen da ba soket, alhali ma'auni bai yi alkawarin tsawo tsayayye ba, iyaka kawai ya sa: kada ya wuce 147. Abin da yake tsayayye shi ne nisan ramuka daga ƙarshen soket. Sabon diski da mataccen da na auna sun ɗan bambanta a tsawo, sai bakin ya tsaya kafin ya gama shiga. Haƙoran SATA da gangan aka yi su ba tsawo ɗaya ba, don na ƙasa, wato na earth, su fara taɓawa kafin na wuta da na bayanai, abin da ke ba da damar zura diski kwamfuta tana kunne. Dogayen sun kama, gajerun suna leƙe.

Dattijon ya juya tsohon rel a hannunsa, ya sa farce a ramin ƙarshe, ya ce, "Malam, ai wannan ramin da wannan harshen sun riga sun san juna. Kada ka sake auna su. Mu kwafe su yadda suke, mu ƙara tsawo ta baya kawai." Na ce, "Baba, gaskiyarka." Haka aka yi. Ya ɗora tsohon rel kan sabon falle ya matse su a bais, ya fitar da ramin ƙarshe da wurin makulli kai tsaye daga jikinsa, sannan daga tsakiyar wannan rami muka auna milimita 101.6 zuwa baya muka sa alamar rami na biyu. Awo ɗaya tak ya rage da za a iya kuskurewa, maimakon huɗu.

Sauran dabarun nasa ne, na tsaya ina kallo. Ramin ƙarshe ya bar shi zagayayye daidai jikin sukuru, domin shi ke tsayar da diski gaba da baya. Sabon ramin ya ɗan ja shi ta tsawo da magagari, ya zama kamar ƙwayar wake, don ko awo ya kauce da ɗan kaɗan sukuru ya shiga ba tare da an tilasta shi ba. Amma ta sama da ƙasa bai ƙara masa ko gashi ba, tunda nan ne ciwonmu yake. Wajen lanƙwasa gefuna, yana wuce kusurwar da ake so da kaɗan, domin ƙarfe in an sake shi yana ɗan komawa baya. Dama da hagu kuma ba tagwaye ba ne, kamar tafin hannu biyu suke, don haka ya huda su a haɗe baya da baya, ya lanƙwasa su ta fuskoki mabambanta. Kowane rami da kowane baki ya bi shi da magagari har yatsa ya daina jin ƙaya. Ƙayar da huda ke bari tana hana rel kwanciya a jikin diski, tana kankare hanya, kuma garin ƙarfen da take zubarwa shi ne abu na ƙarshe da mutum zai so a kusa da allon lantarki. Na wanke su duka na shanya kafin su kusanci kwamfutar.

Sukuru ma sai da na tsaya na tantance. Diski mai inci 3.5 yana karɓar 6-32, mai kaurin kusan milimita 3.5 da zare 32 a inci. Ƙananan diskoki masu inci 2.5 da na'urar faifan DVD suna karɓar M3, mai kaurin milimita 3 da zare mafi laushi. A cikin gwangwanin sukuru kamarsu ɗaya. M3 yana shiga ramin 6-32 ya yi kamar ya kama, alhali da ƙyar yake taɓa zaren, in an matsa sai ya cinye shi. Da na duba sukurun da na kwance daga diskokin nan huɗu, na sami M3 guda ɗaya, kuma a jikin diskin da ya fara ficewa yake.

Matsi ko sassauci

An yi 'yar muhawara kan ko a sa zoben roba tsakanin rel da diski. A kwamfutar tebur mai diski ɗaya ina son roba, tana hana gurnanin diski shiga jikin akwati. A nan na ƙi. Roba tana barin diski ya motsa, mu kuwa motsi muke yaƙa. Akwai kuma dalili na biyu. Duk lokacin da hannun karatu da ke cikin diski ya yi tsalle daga wani layi zuwa wani, yana murɗa jikin diskin ta ɗaya ɓangaren, murɗawar kuma tana bi ta ƙarfe ta isa maƙwabta. Layukan da ake rubutu a kansu ba su kai nanomita 100 a faɗi ba, saboda haka 'yar girgiza tana sa kan karatu ya kauce, ya jira faifai ya sake zagayowa. A 2008 injiniya Brendan Gregg na kamfanin Sun Microsystems ya nuna haka a fili: ya yi ihu a gaban jerin diskoki, jinkirinsu ya yi tsalle a kan allo nan take. Shi ya sa diskokin da aka yi don zama cikin jeri suke da na'urar jin girgiza. Abin da suke so shi ne mazauni mai nauyi da tsauri. Rel mai lilo a cikin hanya ya fi kowanne muni, domin yana ƙara bugu a kan rawa. Dattijon ya tsaga ɗan harshe a tsakiyar kowane rel ya turo shi waje kaɗan, yadda in an zura zai tokare bangon hanyar ya cinye ratar. Zurawa ta ɗan yi tsauri, amma diski in ya zauna, ya zauna.

Yadda ta kaya

Na sake kwafin komai, na kashe kwamfutar, na sauya wa diskoki huɗun rel, kowanne da sukuru huɗu na 6-32. Lamba ta 199 ba ta komawa sifili ko an gyara, don haka na rubuta adadin kowane diski a takarda na riƙa kwatantawa kowace safiya. Uku sun tsaya cik, hanyoyinsu suka koma gigabit 6. Na huɗu ya ci gaba da hawa, a hankali fiye da da, amma yana hawa.

Wannan karon gwajin musanya ya ba da amsa ta daban: na kai diskin wani gurbi, ya yi shiru, na kawo lafiyayye gurbinsa, ya fara kuskure. Na kwance allon baya na duba da gilashin ƙara girma. A ƙafafun soket na wannan gurbi, ta layin da ya sha nauyi, dalma ta yi siririn tsagu kamar gashi. Makonnin da diskin ya yi yana rataye a kansa sun bar tabo. Ana iya sake narka dalmar, amma ban yarda in ɗora ajiyar mutane a kan soket ɗin da robarsa ma ta sha murɗa ba, ga shi muna da gurbi biyu a banza. Na mayar da diskin ɗaya daga cikinsu, sannan na ƙarasa sauya tsofaffi biyun da suka rage, ɗaya bayan ɗaya, da sababbin rel tun daga farko.

Gurbin da ya lalace na toshe bakinsa da murfi don iskar fanka ta ci gaba da bi ta kan diskoki maimakon ta zurare ta ramin banza, na manna masa takarda cewa kada a sa komai. Zanen rel ɗin, da awon 101.6 da gargaɗin a auna daga rami ba daga goshi ba, yana manne a cikin murfin akwatin, tare da rel biyu na ajiya da sukuru takwas a 'yar leda.